Shekaru Biyu na Aro

Akwai wata magana da ta girma tare da ku a gidan nan, har ta yi gemu, ban taɓa tsayawa na gyara ta ba. Ita ce wai Farfesa Hamani ne ya danne mini burs, wato tallafin karatun dokta, ya ba 'yar garinsu, shi ya sa na ƙare aikina a jami'a ina wanke kwalabe a labo, ɗakin gwaje-gwaje, ɗaliban da na koya wa riƙe madubin duba ƙwari suna zama shugabannina. Ranar Sallar layya da ta wuce, a gefen ragunan da ake gasawa a ƙofar gida, na ji ke Hadiza kina ba mijinki wannan labarin, har da ƙarin gishirin da ni kaina ban san da shi ba. Naman bai yi mini daɗi ba ranar. Mutumin nan ya riga mu gidan gaskiya, ba ya da bakin kare kansa, kuma bai cuce ni da ko ƙwayar hatsi ba. Don haka ku saurara, ku ji yadda abin ya faru.

Kun san a gida Sani ake ce mini, a wurin aiki kuma Lawali. Kuna ƙanana kun sha tambayata dalili, ina ce muku haka manya suke, suna biyu gare su. Ga gaskiyar. Kafin a haife ni da shekara biyu, Inna, kakarku, ta haifi ɗanta na fari a ƙauyenmu da ke bayan Madawa, aka sa masa Lawali. Babanmu a lokacin yana awon gyaɗa a kasuwa, yana hulɗa da ma'aikata, sai ya yi abin da ba a saba ba a ƙauyen: ya je ya yi wa jaririn takardar haihuwa. Yaron ya fara tafiya ke nan ƙyanda ta ɗauke shi. Ni na zo bayan haka da 'yan watanni, awon gyaɗa ya mutu, ba wanda ya sake tunanin wata takarda. Da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, mushe mai koyarwa ya ce sai da takarda, sai Baba ya buɗe gwangwanin da yake ajiya ya miƙa ta Lawali. Ba wanda ya ga laifi a ciki, haka ake yi a gidaje da yawa. Takarda dai ga ta a ajiye, yaro ga shi a tsaye. Na shiga aji da sunan yayana da shekarunsa, duk jarrabawar da na ci shi aka rubuta wa. Ni dai na san "takardar yayanka ce", kamar yadda ake cewa rigar yayanka ce, ban taɓa zama na tuna cewa akwai mutum a cikinta ba. Inna kuwa ba ta taɓa furta sunan ba. Idan abokan aikina suka zo suka ce, "Inna, Lawali na nan?" sai ta duƙar da kai ta ce, "Mai gidan na ciki." Su ɗauka kunyar ɗan fari ce, su yi ta dariya.

A shekarar da nake ba ku labari muna haya a unguwar Talaje, ɗaki biyu da rumfa. Baba ya rasu, na ɗauko Inna ta dawo wurinmu. Hadiza tana goye, Mamman bai zo duniya ba. Kowace safiya nakan hau tsohon motona mai ƙafa biyu na ratsa gari, na ƙetare gada zuwa Harobanda, inda jami'a take. Aikina a sashen noma shi ne kula da labo da gonar gwaji, kuma shekara bakwai ina bin wata tsutsa da ke cin zangarniyar hatsi. Na san ta fiye da yadda na san wasu dangina. Na san lokacin da take ƙyanƙyashewa, na san irin hatsin da ba ta so. Mamanku Rabi takan ce da tsutsa na aure da tuni an ɗaura mana. Farfesa Hamani shi ne shugaban sashen, dogo, Bazabarme, mai Hausar kasuwa, ba ya dariya sai dole. Idan ya ce aikinka "ba laifi", to ka je ka yi sadaka.

Wata Litinin na tarar da mutane sun yi cincirindo a allon sanarwa. Wata jami'ar waje ce ta ba da burs ɗaya tak ga sashenmu: shekara uku ana karatun dokta kan ƙwarin hatsi, wanda ya dawo kuma kujerar malami na jiran sa. Na karanta sau uku. Kamar tela ya auna ni ya ɗinka. Sai a layin ƙarshe na ga sharaɗin: kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar. Ni Sani shekarata talatin da huɗu. Lawali kuwa talatin da shida.

Na shiga ofishin Farfesa ban ko yi sallama da kyau ba. Ya ɗago kai ya ce:

"Na gani. Kai na yi wa wannan abu, Lawali. Shekara biyu ina rubuta musu wasiƙa. Kawo dosiye naka, takardunka duka, kafin ƙarshen wata."

Na zauna na faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ɗauki waya a gabana ya kira mutanen can, ya yi magiya da Faransanci irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Suka ce doka ce, ba su da ikon taɓa ta. Ya ajiye wayar ya ce:

"Su takarda suka sani. In takarda ta gyaru, kai ne. In ba ta gyaru ba, ni babu ƙarfi."

Ina da aboki, Idi, ɗan Maraɗi, magatakarda ne a kotu, mutum mai saurin baki da saurin dabara. Da na kai masa kukana sai ya kwashe da dariya, ya ce a kan wannan nake neman rama? Ya ce abu mai sauƙi ne. Sunan ba za a taɓa shi ba, tunda duk takardun karatuna da shi suke. Shekarar kawai za a gyara. Za a je kotun yankin da aka haife ni, a ce magatakardan da ya rubuta ne ya yi kuskure, uwa ta tsaya ta ba da shaida, alƙali ya soke tsohuwar takarda ya ba da sabuwa, a liƙa hukuncin a dosiye. Ya ce:

"Kai ba ma ƙarya za ka yi ba. Shekarunka na gaskiya za ka karɓa. Wasu fa biyar suke yankewa su kwana lahiya."

Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Rabi ta yi guɗa a ƙasan maƙoshi don kada maƙwabta su ji. Nan da nan ta fara lissafin rigunan sanyi, tana tsokanata wai kada in dawo da baturiya mai warin sabulu. Na sami Inna a rumfa tana tsince wake, na yi mata bayani a gurguje: za mu je Madawa kwana biyu, za ta ce wa alƙali abu kaɗan, ni kuma in tafi karatu in dawo babban malami. Ta ce, "Allah shi sa albarka." Ba ta tambayi komai ba, ni ma ban so ta tambaya ba.

Ana gobe za mu tafi, Idi ya zo da la'asar don ya koya mata abin da za ta faɗa, tunda ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aka shimfiɗa tabarma, Rabi ta kawo ruwa. Ya gyara zama ya zama alƙali.

"Inna, zai ce miki, wanga mutum da ke tsaye, wane ne? Ki ce ɗana ne, Lawali."

Ta duƙar da kai tana kallon tabarma.

"Inna, yau ba ranar kunya ba ce. Alƙali bai san kunya ba. Dole sunan ya hito daga bakinki."

Ta ce, "To."

"Sai ya ce, wace shekara kika haihe shi? Ki ce shekarar da aka gina rijiyar siminti a garinku. Sai ya ce, ga takarda nan ta nuna an yi haihuwa shekara biyu kahin nan. Ko kin haihi wani kahin shi? Nan ne wurin. Ki ce a'a, ban haihi kowa ba, wanga shi ne na hwari, mai rubutu ne ya yi kure."

Ta ce a hankali:

"In ce ban haihi kowa ba."

"Shi ke nan, Inna. Magana ɗaya ce. In kika ce akwai wani, za su ce takardar ta wani ce, duk karatun Sani ya lalace."

Ta ce, "To." Ta tashi ta ɗauki buta, ko da yake da sauran lokaci kafin magariba. Idi ya ce mini tsohuwar tana da kai, ba za a sami matsala ba. Ni ma na yarda, don ina so in yarda.

Da safe, bayan na dawo daga masallaci, na same ta ta riga ta shirya. Ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi, ƙullin kayanta na gefe. Ina haɗa takardu a jaka ta ce:

"Wagga takarda ta da, in anka ba ka sabuwa, za su maido ta?"

Na ce a'a, kotu za ta riƙe ta, za a soke ta.

"Ba ni in gani."

Na zaro ta na miƙa mata. Takardar ta yi ja, ta tsage a ninki, na liƙe da salatif. Inna ba ta karatu, ko na boko ko na allo ba ta yi nisa ba. Ta riƙe ta da hannu biyu ta ce in nuna mata inda sunan yake. Na kama yatsanta na ɗora a kan layin. Ta bar shi nan. Sai ta fara magana, ba da ni ba, kamar da takardar. Ta ce yana da saiɓi, sai da ya shekara da rabi ya taka. Ta ce idan tana tuƙin tuwo yakan zo ya kama muciya ya ce shi zai yi, in ta hana shi ya zauna ya juya mata baya. Ta ce akwai wata jar akuya da yake bi yana kira da sunan kakarsa. Ta ce ranar da ya rasu ba ta yi kuka ba, don surukarta na zaune, kuma ɗan fari ne, sai ta shiga bayan rumbu ta cusa zane a baki. Shekara talatin da huɗu ina ɗanta, ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Ta ce, "Inda anka sa shi, ruwan kori ya cinye wurin tun kana ƙarami. Babanku ya tahi. Ungozomar ta tahi. Yanzu wanda ya san ya zo duniya, ni ce da wagga."

Ta ninke ta yadda take, ta miƙo mini, ta ɗauki ƙullinta.

"Mu tahi, kada mota ta bar mu."

Ku lura, ba ta roƙe ni komai ba. Da ta roƙa, wataƙila da na yi mata gardama, don ina da baki, kuma ina da hujja. Muka tari taksi a bakin titi. Tana zaune a gefena, leɓɓanta na motsi, na ɗauka tasbihi take. Da na kasa kunne sai na ji abin da take maimaitawa: "Ban haihi kowa ba. Ban haihi kowa ba." Haddacewa take, kada ta yi mini kuskure a gaban alƙali. Wallahi ban taɓa jin na tsani kaina ba kamar a wannan lokacin. Na ci sunansa, na ci shekarunsa, na yi karatu a inuwarsa, yanzu kuma ranar da inuwar ta tsare mini hanya zan sa uwarsa ta rantse ba ta taɓa haihuwarsa ba. Muna hango tasha, ana ɗora kaya a kan kar, babbar motar Madawa, na taɓa kafaɗar direba na ce ya juya Talaje. Ya ce ko mun yi mantuwa? Na ce e.

Kada ku ɗauka Inna ta yi murna. Faɗa ta yi mini, irin wanda ba ta yi mini ba tun ina satar ƙuli-ƙuli.

"Wa ya ce maka ban iyawa? Na ce ina hwaɗi, ina hwaɗi. So kake a ce tsohuwa ta tare ma ɗanta hanya?"

Na ce, "Inna, ni ne ba ni iyawa."

Ta juya fuska ga taga har muka iso gida. Rabi kuwa da ta gan mu sai tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Ta ja ni ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ce:

"Baban Hadiza, ka bar mai rai don wanda ya mutu? Shi yana aljanna, ba ya buƙatar takarda. Mu ne nan cikin ɗakin haya. Wannan yarinyar da ke bayana, ita ba ta da haƙƙi a kanka?"

Har yau da nake rubutun nan ban sami amsar da za ta ishe ta ba. Mamanku tana da gaskiya. Na yanke hukunci a cikin taksi, ni kaɗai, a kan rayuwar mutum huɗu, da ku da ba ku zo ba. Mako biyu tana ajiye mini abinci ba ta cewa ga shi. Idi ya ce ni wawa ne mai digiri, kuma ya daɗe yana faɗa.

Na je na sami Farfesa na ce masa takarda ba za ta gyaru ba. Ya ce kotu ce ta ƙi? Na ce a'a, na ba shi labarin. Ya tashi ya tsaya a taga yana kallon gonar gwaji. Sannan ya ce:

"Kala suru, Lawali. Sai haƙuri. Ni ma uwata ta binne uku kafin ni."

Burs ba ya jiran kowa. Farfesa ya kira Zainabu, ɗalibar da ta fi kowa a ajinta, wadda ni da kaina na koya wa aikin labo. An yi dace 'yar yankinsu ce, shi ke nan mutane suka sami abin taunawa. Ni na taimaka mata ta haɗa dosiye, na kuma ɗauki littattafai shida da na cika da bayanin tsutsata na ba ta, don ba su da amfani a cikin akwati. Ta yi kuka ta ce ba za ta karɓa ba, na ce in ba ta karɓa ba gara ce za ta karɓa. Ta tafi, ta dawo dokta, daga baya ta zama shugabar sashen. Sunana na shafin farko na littafinta, kuma ba ta taɓa shiga labo ta same ni tsaye ta zauna ba.

Ga laifina, shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da aka fara cewa Farfesa ya yi ƙabilanci, na ji, ban musa ba. In na musa sai na faɗi sirrin takardata, kuma wannan zai iya cin aikina. Wannan dalili ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Gaskiya ita ce tausayin da ake mini yana yi mini daɗi. Ya fi sauƙi a ce an zalunce ka da a ce kai ka juya taksi. Farfesa ya san abin da ake faɗa a kansa, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke shi ta tona ni. Bai faɗa ba har ya koma ga Allah. Na je jana'izarsa, na tsaya a sahun baya, kunya ta hana ni matsawa gaba. Ku nema mini gafara wurin 'ya'yansa, ko ku raka ni in nema da bakina.

Kada ku tambaye ni ko na yi nadama, don amsar tana canzawa. Ranar da aka yi bikin ƙara wa ɗalibaina girma, ina jera kujeru, na yi. Ranar da kai Mamman ka ce za ka bar karatu ka shiga kasuwa don ka ga inda karatu ya kai ubanka, na yi, sosai. Amma shekara goma sha ɗaya Inna ta ƙara tare da mu, kuma tun daga ranar taksin nan wani abu ya kwance a bakinta. Idan tana tuƙi ɗayanku ya zo ya kama muciya, sai ta yi dariya ta ce, "Gadon kawunku." Ba ku san wane kawu ba, kun ɗauka ruɗin tsufa ne. To, na gyara mata, baffanku ne, amma ita haka take faɗa.

Takardar ba ta gama da ni ba. Da lokacin ritaya ya yi, da shekarun Lawali aka ƙirga, aka sallame ni da saura shekara biyu a ƙarfina. Mamanku ta ce, "To, yaya ya gaji, ƙane sai ya biyo shi gida." Wannan karon tare muka yi dariya.

Takardar tana nan a cikin jakar fata, ƙarƙashin Alƙur'anina. Ranar da tawa ta zo, za ku je lameri, ofishin magajin gari, karɓar takardar rasuwa, za su rubuta Lawali, su ba shi shekaru biyu fiye da waɗanda na yi. Kada wanda ya yi gardama, kada wanda ya nemi gyara. An rubuta zuwansa, ba a taɓa rubuta tafiyarsa ba, kuma ya daɗe yana jira. Ku dai idan kun ɗaga hannu a bakin kabari, ku tuna mu biyu ne a ciki.